Gidan ƙasa a sabuwar unguwa: dabara ce ko neman wahala?

Nasiru Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah duk wanda ya san harkar ya sa baki. Ina da fili ƙafa 50 da 100 a bayan garin Katsina ta hanyar Daura, kuma na ƙudiri niyyar fara gini da zarar damina ta ɗauke. Abin da ke raina shi ne in yi shi da jar ƙasa, irin bulon nan da ake matsewa da inji, ba bulon siminti ba. Gidan hayar da nake ciki bulo ne da kwano. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki ba ya shiguwa, in babu wuta haka yara za su kwana suna juyi. Amma gidanmu na gado a cikin gari, soron kakanmu, ko a tsakiyar Afrilu ka shiga da azahar sai jikinka ya yi sanyi. Yayyena sun ce ina neman mayar da kaina baya, mai ɗakina ma ba ta yi na'am ba. Ni kuma ba tsohon gini nake so in kwaikwaya ba. Gidan zamani nake so, da banɗaki a ciki da famfo da wuta, amma wanda ya san garin da aka gina shi.

Alhaji Lawal mai bulo:
Wa alaikumus salam. Nasiru ƙanena, sana'ata buga bulo ce, kowa a nan ya sani, don haka ka auna maganata yadda ka ga dama. Amma ka tambayi duk wanda ya tashi a gidan ƙasa yadda watan Agusta yake. Ruwa ya kwana yana zuba, kai ma ka kwana kana haska rufi da tocila. Duk shekara sai an ji gini ya faɗa wa mutane, kuma mafi yawa na ƙasa ne. Iyayenmu ba don rashin hankali suka bar shi ba, wahala ce ta kore su. Ka yi na bulo, ka sa silin mai kyau, ka haɗa sola da fanka, ka huta.

Shamsu Layout:
Ni abin da zan ƙara a kan na Alhaji shi ne kasuwa. Gida dukiya ne. Ranar da ka tashi sayarwa, dillali zai ce wa mai saye "ginin ƙasa ne," shi ke nan kuɗin fili kawai za a taya maka. Ka yi tunanin magada, Yaya Nasiru.

Injiniya Bilkisu:
Alhaji Lawal, ranka ya daɗe, gaskiya ne gidajen ƙasa suna faɗuwa, ba mai musun wannan. Amma ka je ka duba wanda ya faɗi ka ga ta ina ya fara. Ba daga sama ba ne galibi, daga gindi ne. An yi titi an cike shi ya fi daɓen gidan tudu, ko maƙwabci ya toshe kwata, ko indararo ya karye ruwa yana bin bango shekara da shekaru ba wanda ya kula. Ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasa ta jiƙa, nauyin soro ya danne ta. Ƙasa ba ta tsoron ruwan da ya dake ta ya wuce, wanda ya kwanta a jikinta take tsoro. Kuma ambaliyar Jibiya ta 2018 ba ta tambayi gida da me aka gina shi ba, duk abin da ke kan hanyar ruwa ta tafi da shi.

Batun zafi kuwa, ba tsafi ba ne. Bulo mai inci tara rami ne a ciki, jikinsa siriri, rana na dukansa zafin ya ratsa. Kwano kuma da hantsi ya riga ya ɗauki wuta. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin a hankali, sai ya ɗauki sa'o'i da dama kafin ya iso ciki, shi ya sa soron kakanka yake da sanyi da azahar. Amma Malam Nasiru, kada in ɓoye maka ɗaya gefen: zafin da bango ya sha da rana da dare yake amayar da shi. Shi ya sa a bazara mutanen cikin gari suke fito da tabarma tsakar gida. Wanda ya ce maka ɗakin ƙasa sanyi gare shi dare da rana bai kwana a cikinsa a watan Mayu ba. Maganin shi ne a bar wa zafin ƙofar fita, tagogi masu kallon juna da ƙananan kafofi can sama kusa da rufi, a buɗe da dare a rufe da rana.

Malam Sada Magini:
Salamu alaikum. Ɗana Nasiru, Allah shi yi ma albarka da ka tuna da mu. Ni a bakin wanga aiki na tashi, ubana magini ne, kakana ma haka. Abin da ake kira ginin ƙasa yanzu, wanda Alhaji Lawal ke ganin yana faɗuwa, da yawansa ba gini ba ne, tara laka ce. A ɗebo ƙasar bola, a zuba cikin akwati, a jera bango siriri kamar na bulo, a ɗora kwano. Ina zai tsaya?

Mu a da, birji ake haƙowa, ba ƙasar sama ba. A jiƙa shi, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa, a sake cuɗawa. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi faɗi kai tsini, a shanya har shi bushe ƙamas. Bango kuwa gindinsa ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba, yana hawa yana rama. Kuma ba a yi mashi gaggawa. Ka ɗora 'yan layuka ka bari su sha iska, gobe ka dawo. Da rani ake gini, ba a taɓa farawa hadari na gabas.

Rufi azara ce ta giginya, namijin, wadda gara ba ta ci. Ita azara ba ta da tsawon ƙetare babban ɗaki, shi ya sa in ana son soro mai faɗi sai a ɗaure baka, a yi bakan gizo ko ɗaurin guga, azara bisa azara tana fitowa kaɗan-kaɗan har su haɗe a tsaka. A saman soro a shafe da laso: katsi na marina, da gashin jima, da dafara da aka daka aka jiƙa. In ya bushe ruwa zamewa yake. Bango kuma a yi mashi makuba ta ɓawon ɗorawa. Bangon gabas shi ake ba ƙarfi, don daga can ruwa da iska suke dukan gida.

To yau ina marinar da za ta ba ka katsi? Ina giginyar? Wadda ta rage ma in an sare ba a dasa wata, kuma icce ne da sai ya shekara da yawa kafin ya yi azara. Yarana ukku maza, ba wanda ya ɗauki aikin. Wannan ya fi damuna bisa ga maganar siminti.

Maman Khalifa:
Baba Sada, Allah ya ƙara girma. Ina so in yi magana a madadin matar Malam Nasiru, don na ga maza ne kawai ake ta shawara a kan gidan da mace za ta wuni a ciki. Rashin na'am ɗinta ba girman kai ba ne. Mu muka san sharar ɗakin ƙasa. Ka share yanzu, an jima bango ya sake zubo da gari a kan gado da kwanuka. Gara ta bi bayan akwati ta cinye zannuwa ba ki sani ba. Ga kunama a tsaga. In an zo yaɓe kuma gida ya zama filin kwaɓa, ke ce da kwashe kaya da mayarwa.

Amma kuma in faɗi gaskiya, gidajen da ake yi mana yanzu su ma ba don mu ake yin su ba. A cinye fili kaf da ɗakuna da falo biyu, a bar wani ɗan lungu a ce tsakar gida, shi ma a malale shi da siminti. Ba inda za ki shanya kaya, ba inda za ki kafa murhu ranar suna, ba inuwar da yara za su zauna. Kicin a manne da ɗakin kwana, taga ɗaya tana kallon katangar maƙwabci. Da yamma simintin nan har ƙafa yake ƙonawa. Ni in za a ba ni bangon da ba ya zubar da gari, da tayil a ƙasa, da tsakar gida ta gaske mai bishiya, ban damu da me aka yi bulon ba.

Kabiru Maraɗi:
Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Abin da Nasiru yake nufi ba mafarki ba ne, a nan Nijar an yi. A Dandaji, cikin jihar Tawa, garin Hausawa ne, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa na inji, ƙasar kuma daga kusa da garin aka haƙo ta. Tsohon masallacin ba su rushe shi ba, suka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama a 2018. Ita Mariam ɗin ta yi gidajen zama masu bene a Yamai da irin wannan bulo. Kafin su ma, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina da ƙasa ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma shi magini ne irin Baba Sada, ba ɗan jami'a ba. Sannan akwai hanyar rufe ɗaki da tubali zalla, a yi shi ƙubba ko baka ba tare da icce ko ɗaya ba, an koya wa magina da dama a nan saboda ƙarancin azara. Matsalar da Baba ya ambata ke nan aka nemar wa mafita.

Alhaji Lawal mai bulo:
Malam Kabiru, masallaci daban gidan talaka daban. Waɗancan ayyuka akwai masu zane da masu sa ido a kai. Sannan ina da tambaya biyu ga Injiniya. Shi wannan bulon na inji, ba siminti ake zuba masa ba? To ina aka guje mana? Na biyu, ƙasar daga ina? Duk kududdufan da ke cikin gari, da sauro da shara da yaran da ke faɗawa, ai ramukan ginin ƙasa ne. In kowa ya koma haƙa, sabuwar unguwa ma haka za ta zama.

Injiniya Bilkisu:
Tambayoyin suna kan hanya, Alhaji. E, ana sa siminti, amma kaɗan, wajen kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, gwargwadon ƙasar. Shi ne ke hana bulon narkewa in ya jiƙe, shi ne kuma amsar kukan Maman Khalifa, don ba ya zubar da gari kamar tubali. In an buga shi da kyau an jera shi da kyau, ba ya buƙatar filasta a waje, jan nan nasa shi ne adonsa. Ba wanda ya ce a yi gaba da siminti. Harsashi da banɗaki da sokawe da saman ƙofa da taga, duk aikinsa ne. Cewa ake a daina zuba shi inda ƙasa za ta yi aikin da ya fi nasa. Mun ga yadda buhu ya haura naira dubu goma a 2024, gine-gine nawa suka tsaya a linta? Ga shi kuma masana'antar siminti ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin carbon da ke ɗumama duniya, mu kuma da ke bakin hamada mu ne farkon masu ji a jika.

Batun rami gaskiyarka ne, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. Sai dai yashin da tifa ke kawo maka ma daga cikin gulbi ake kwaso shi, ramin ne kawai ba ya unguwarmu. Wani ɓangare na ƙasar da Malam Nasiru yake buƙata zai fito daga filinsa, daga ramin harsashi da sokawe da tankin ƙasa. Sauran a sayo daga inda hukuma ta yarda a haƙa, wurin da ake ɗibar jar ƙasar titi.

Malam Aminu Gambarawa:
Ina karanta ku tun ɗazu. Abin da ke ba ni takaici shi ne sai mun je Nijar neman hujja, alhali hujjar tana tsaye a tsakiyar garinmu. Hasumiyar Gobarau ƙasa ce, tsayinta wajen mita 15, ta ga ɗaruruwan damina. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce, yau ita ce gidan tarihi, kowa na iya shiga ya taɓa bangon. Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, yana nan. A gidan tarihi na Jos har kwafin ginin fadar Katsina aka yi don a nuna wa duniya gwanintar maginanmu. Mu kuma muna rushe zaurukan iyayenmu muna dasa shaguna. Ban ce a zauna a jiya ba. Amma zaure da soro da tsakar gida ba ado ba ne kawai, tsari ne da ya san zafinmu da ƙurarmu da kunyarmu. Baƙo ya tsaya a zaure, iyali suna ciki a sake. Yanzu sai ka ga falo ya buɗe kai tsaye cikin gida, in an yi baƙo mata sun zama fursunoni a ɗaki.

Shamsu Layout:
Malam, da girmamawa, Gobarau ba ita ke riƙe da kanta ba, gyara ake yi mata. Wa zai riƙa yi wa Yaya Nasiru?

Malam Aminu Gambarawa:
Haka ne Shamsu. Amma nuna mini ginin da ba a gyarawa. Je ka ga rukunin gidajen da aka yi da bulo shekara talatin baya, ka ga tsaga da kwanon da ya yi tsatsa.

Nasiru Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin tunani, musamman Maman Khalifa, don na karanta wa mai ɗakina saƙonki ta ce abin da ke ranta ke nan. Injiniya, a fili irin nawa, ta ina za a fara?

Injiniya Bilkisu:
Ka fara da zuwa filin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, tun damina ba ta wuce ba. Ka tsaya ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. Wannan ya fi kowane zane. Daga nan a san tsayin harsashi. A yi shi da dutse ko kankare, a ɗaga shi sosai sama da inda titi zai kai in an cike shi, a shimfiɗa abin hana damshi a kai, sannan bulon ƙasa ya hau.

Sai rana. In fili ya ba da dama, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, don can rana ba ta dukansu kai tsaye sosai, ɗan baranda ya isa ya kare su. Yamma ita ce masifa, daga la'asar zuwa magariba. A can za ka sa sito da banɗaki da matakala in akwai, kada ka sa ɗakin kwana, kada ka buɗe babbar taga. Ɗakunan su kewaye tsakar gida, kowane ɗaki iska ta samu mashiga da mafita. Arewa maso gabas, inda hunturu ke shigowa da ƙura, tagogi su zama ƙanana.

Rufi shi ne rabin aikin. Abin da mai zanen gine-gine Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso, wadda aka gama a 2001, shi ne ya yi silin da bulon ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, ya bar sarari iska na ratsawa tsakani. Kwanon ya zama laima kawai, ya tare rana da ruwa, ya kuma zarce bango sosai. Wannan mutumin shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Irin wannan rufin zai ba ka ruwa ma. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. In rufinka murabba'in mita 100 ne, muka ɗauka an yi milimita 600 a shekara, lita 60,000 ke nan da yanzu take tafiya kwata. Ko rabinta ka tara ka rage sayen ruwan 'yan garuwa.

Ƙasar kuma a gwada ta kafin a kira mai inji. Ka haƙa ka wuce baƙar ƙasar sama, ka ɗebo, ka zuba a kwalba da ruwa, ka girgiza ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Ana son yashi ya rinjaya, laka ta zama daidai abin da zai riƙe. In laka ta yi yawa bulo zai tsage, in ta yi kaɗan zai marmashe. Bayan an buga, a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa, a ba shi kamar mako huɗu. Masu gaggawa a nan suke ɓata aikin, sannan a ce ƙasa ce ba ta da kyau. Kuma ka kai zanenka hukumar tsara birane tun da wuri.

Malam Sada Magini:
Ɗiyata Injiniya, kusan duk na yarda, sai abu guda. In an ɗora wanga laima ta kwano, ina zanko, ina rawanin soro? Gida ya zama rumfar kasuwa. Kuma iskar farkon damina da ke yaye kwano a garin nan, in ta samu sarari ƙarƙashi, ba ɗauke shi za ta yi ba?

Nasiru, wani gargaɗi kuma: in ka yi wani sashe da tubali, kada ka bari birkila shi shafe ma shi da filastar siminti. Ba su shiri. Damshi ya shiga baya ya rasa hanyar fita, waje lafiya lau, ciki ya ruɓe, wata rana filastar ta ɓanɓaro gaba ɗaya da rabin bango.

Injiniya Bilkisu:
Baba, maganar filasta haka take, na sha ganinta. Ta iska kuma dole a ɗaure ƙarafan cikin bim ɗin kankare da ya zagaye saman bango, ba a kafa da ƙusa kawai ba. Zanko kuwa ni ma ina son sa. Me zai hana zauren gaba ya zama naku gaba ɗaya, soro da bakan gizo da zankwaye da dagi a goshin ƙofa, ɗakunan ciki su ɗauki laimar? Sai a haɗa muku matasan birkiloli biyu su yi aikin a ƙarƙashinku su koya.

Malam Sada Magini:
In za su iya haƙurin jiran bango shi bushe, a turo su. Azarar zaure guda ba za ta gagara ba, akwai ta tsofaffin gidaje da ake rushewa, ta ma fi sabuwa ƙwari. Amma Nasiru, zauren za a fara, a bar shi damina guda ta bi ta kansa, matarka da yayyenka su zo su gani da idonsu kafin ka zuba sauran kuɗinka.

Alhaji Lawal mai bulo:
Ni dai har yanzu ban ga lissafin da ya nuna ya fi araha ba, in aka haɗa hayar inji da ƙarafan rufi da jiran mako huɗu. Nasiru, in an buga na gwaji ka kawo mini guda biyar. Zan jiƙa su a baho tare da nawa, mu ga wanda zai fara sakin jiki.

Injiniya Bilkisu:
Na yarda da gwajin, Alhaji, da sharaɗin naka a ɗauko su daga cikin waɗanda ake sayarwa. Araha kuwa ban yi alkawari ba, ya danganta da nisan ƙasar. Ribar da na tabbatar ita ce ta man janareto da girman solar da zai saya.

Maman Khalifa:
Ku dai kada ku manta da bishiya. A dasa tun yanzu kafin a kawo bulo ko ɗaya, a kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Injiniya, in bedi ne, wato dogon yaro, taku nawa za a bari tsakaninsa da bango? Namu saiwarsa ta fasa mana sokawe. Kuma kicin ɗin a ba shi ƙofa ta tsakar gida, da ɗan rumfa a gabansa inda za a iya hura gawayi.